Yadda mai ciwon ƙoda zai zaɓi ƙarin abinci da bitamin don riƙe ƙarfin jikinsa

Ciwon ƙoda mai daɗewa ba a ƙoda kaɗai yake tsayawa ba. Tun kafin a kai ga maganar wankin ƙoda, cinyoyi ne kan fara nuna alama: tashi daga kan tabarma sai an dafa bango, sallar da ake yi a tsaye ta koma ta zaune, wando ya riƙa zamewa daga ƙugu. Da 'yan'uwa sun ga haka sai gudummawa ta fara shigowa. Wannan ya kawo kwalbar maganin ƙarin jini, waccan ta daka garin zogale, wani ya aiko da gwangwanin madarar ƙarin ƙarfi daga birni. Niyya mai kyau ce, sai dai ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da rarar abin da aka ɗura wa jiki, shi ya sa abin da zai ƙara wa mai lafiya kuzari kan iya kai mai ciwon ƙoda ɗakin gaggawa.

Akwai ƙarin abinci da ƙwayoyin da ke taimakawa da gaske. Amma jin kasala ba ya gaya maka wanne kake buƙata, domin hanyoyin da take shigowa a wannan ciwo suna da yawa: dattin da ya taru a jini ya kashe sha'awar abinci, jini ya yi ƙasa, asid ya yi yawa a jini yana cin tsoka, bitamin D ya gaza, ga kuma yawan kwanciya. Kowanne da maganinsa, kuma gwaji ne ke bambance su. Matakan da ke biye na manya ne. Yara, da masu juna biyu, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, lissafinsu daban yake.

Mataki na farko: ka tabbata ba gaggawa ba ce, ka kuma san inda ciwon ya kai

Raunin da muke magana a kai shi ne wanda ya shigo sannu a hankali cikin makonni ko watanni. Idan ƙafafu sun mutu cikin yini ɗaya ko biyu, ga bugun zuciya yana tsallake, ga minjirya a yatsu ko leɓe, to wannan yana iya zama hawan fotasiyam a jini, wato wani sinadarin abinci da ƙoda ke fitar da rararsa, kuma yana iya tsayar da zuciya. Ba a jarraba komai a gida, asibiti ake nufa a lokacin. Haka ma idan numfashi yana sarƙewa in an kwanta, ko amai ya ƙi tsayawa, ko hankali ya fara gushewa.

In ba haka ba ne, duba takardar gwajinka ka nemi lambar eGFR, wadda ke nuna yawan tacewar da ƙoda ke yi. Daga 30 zuwa 59 mataki na 3 ne, daga 15 zuwa 29 mataki na 4, ƙasa da 15 mataki na 5. Sai tambayoyi biyu da ke juya duk lissafin da zai biyo baya: ana yi maka wankin ƙoda ko ba a fara ba? Kana da ciwon suga ko babu? Wanda ba a fara wa wanki ba ana taƙaita masa furotin, wanda ake wa wanki kuma ana ƙara masa. Shi ya sa shawarar da ka ji daga wanda kuke layi tare a asibiti tana iya zama daidai gare shi, ta zama akasin abin da kai kake buƙata.

Mataki na biyu: auna ƙarfinka a gida kafin ka sayi komai

Wanda bai auna ba ba zai san ko abin da yake sha yana aiki ba. Kujera ɗaya, agogon waya, tef ɗin tela da littafin rubutu sun isa.

Sami kujera mai ƙwari marar hannu, wadda in ka zauna tafin ƙafarka zai kwanta a ƙasa, gwiwa ta yi daidai da ƙugu. Jingina ta da bango don kada ta zame. Harɗe hannuwa a ƙirji, ka miƙe tsaye cak, ka koma ka zauna, sau biyar a jere iya saurinka, wani yana tsaye kusa da kai riƙe da agogo. Idan abin ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15, ko ka kasa tashi sai da dafawa, ƙarfin ƙafa ya yi ƙasa. Wannan shi ne ma'aunin da masana raunin tsoka na Turai suka amince da shi a 2019. Sannan a auna mita 4 a tsakar gida, a ja layi a farko da ƙarshe, ka taka irin tafiyarka ta kullum. Fiye da daƙiƙa 5 yana nufin tafiyar ta yi sanyi.

Sai nauyi. Hau sikeli ɗaya, da safe, bayan fitsari, kafin karin kumallo. Mai wankin ƙoda ya rubuta nauyinsa na bayan wanki. Asarar kashi 5 cikin 100 a wata 3, ko kashi 10 a wata 6, alama ce ta rama mai buƙatar kulawa. Amma sikeli yana yaudarar mai ciwon ƙoda, domin ruwa na iya taruwa a ƙafa da ciki ya maye gurbin naman da ya zube, nauyi ya tsaya cak alhali mutum yana ƙarewa. Don haka a haɗa da awon damtse: tsakiyar tazarar da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannu a sake, kuma ba hannun da aka haɗa wa jijiya don wankin jini ba.

A ƙarshe rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana uku, da adadinsa na gaskiya. In an zuba tuwo malmala biyu ka ci rabin ɗaya, rabin ɗaya za a rubuta.

Mataki na uku: gwaje-gwajen jini

Waɗanda suka fi muhimmanci su ne wanda ake rubuta wa E/U/Cr, wato fotasiyam, sodiyam, baykabonet, yuriya da kiriyatinin, sai PCV ko himoglobin. Bayan su akwai feritin da TSAT masu nuna ajiyar sinadarin ƙarfe, sai kalsiyam, fosfet da albumin. Gwajin PTH, wato sinadarin da ke daidaita kalsiyam da fosfet a jini, da na bitamin D sun fi tsada kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba, likita zai faɗi lokacin da suka zama dole. Idan aljihu bai kai ba, kuɗin da za a zuba a kwalaben ƙarin jini gara a fara biyan biyun farko da su.

A lura da abu ɗaya wajen ɗibar jini: yawan dunƙule hannu ana buɗewa, da barin jinin ya daɗe a kwalba kafin a auna, suna iya sa fotasiyam ya fito sama da yadda yake, daɗewar kuma ta sa baykabonet ya fito ƙasa. In sakamako ya zo da abin mamaki, a sake a inda za a auna nan take.

Ranar ganin likita a tafi da littafin. Maimakon "Baba ba shi da ƙarfi", 'yar da ke jinya ta ce: "Likita, Baba ya rage kilo uku cikin wata biyu, tashi biyar daga kujera yana ɗaukar masa daƙiƙa 19, ga kuma abin da yake ci." Wannan magana ce da likita zai iya aiki da ita. A kuma roƙi a haɗa ku da jami'in abinci na asibitin, manyan asibitocin koyarwa suna da su.

Mataki na huɗu: cike cikin tukuna, sannan a yi maganar furotin

A nan ne yawancin gidaje ke kuskurewa, kuma tsoro ne ke jawo shi. Da an ce ƙoda, sai a hana nama, a hana wake, a hana ƙwai, a hana mai, a hana kayan lambu, a bar mara lafiya da farar shinkafa da koko. Jikin da bai sami isasshen abinci ba tsokarsa yake ƙonawa, kuma tsokar da ta narke ita ma datti take zama a jini. Wato an ramar da mutum, ƙodar kuma ba ta huta ba.

Ƙa'idar KDOQI ta 2020, wadda Gidauniyar Ƙoda ta Amurka ke fitarwa, ta ce a ba kowane kilo na nauyin jiki kalori 25 zuwa 35 a rana. Mai kilo 60 ke nan yana buƙatar 1,500 zuwa 2,100. Hanya mafi sauƙi ta ƙara kalori ba tare da ɗora wa ƙoda nauyi ba ita ce mai: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man zaitun yana da wajen kalori 120. Cokali biyu a kan shinkafa ko cikin miya sun yi aikin da kwalabe da yawa ba sa yi. Tuwon shinkafa, teba da kunun kamu su ma suna taimakawa. Marar ciwon suga yana iya ƙarawa da sukari ko zuma, mai suga kuwa ya fi karkata ga mai. Wanda cikinsa ke saurin cika ya raba abincin kashi biyar ko shida a yini.

Ga lissafin furotin. Wanda ke mataki na 3 zuwa na 5 ba a fara masa wanki ba, ƙa'idar KDIGO ta 2024, ta ƙungiyar masana ƙoda ta duniya, ta ba shi giram 0.8 ga kowane kilo a rana, ta kuma ce ya guji wuce giram 1.3. KDOQI ta fi matsewa: giram 0.55 zuwa 0.6 ga marar suga, 0.6 zuwa 0.8 ga mai suga, bisa sharaɗin jikinsa a daidaice yake kuma ana sa masa ido. Mai wankin ƙoda kuwa giram 1.0 zuwa 1.2, saboda na'urar tana tafiya da amino asid, wato tubalan furotin, a kowane zama. Ga mai kilo 60, wannan na nufin giram 33 zuwa 48 kafin wanki, giram 60 zuwa 72 bayan an fara wanki. Don ka gane girman abin: ƙwai guda yana da wajen giram 6, dafaffen nama marar kitse giram 100 yana da wajen 25, dafaffen wake giram 100 wajen 8, kuma tuwo da shinkafa su ma suna da nasu kaɗan da ake haɗawa a lissafi.

Dattijon da ya riga ya rame, ko wanda ya tashi daga jinya, ba a matse masa furotin. KDIGO da kanta ta ce a duba ɗaga wa tsofaffi masu raunin tsoka ma'auni. A ganina wannan ya fi dacewa da mutum mai shekara 75 da ke neman ya iya kai kansa banɗaki, fiye da ƙoƙarin jinkirta wankin da ƙila ba zai taɓa kaiwa gare shi ba.

Idan littafin kwana uku ya nuna giɓi, fara cike shi da farin ƙwai. A dafa, a ɓare, a cire gwaiduwar a ba yara, domin a nan yawancin fosfet ɗin yake. Farin ƙwai shida suna ba da kusan giram 20 na furotin mai kyau. Ana iya yayyanka shi cikin miya ko a soya da albasa da tattasai ba dunƙule. Awara ma tana da kyau, kuma fosfet ɗin da ke cikin tsirrai jiki ba ya zuƙarsa sosai kamar na nama da na kayan gwangwani, sai dai a nemi wadda aka haɗa da ruwan tsami ko tsamiya. Wadda aka haɗa da alif a bar ta, alminiyam ne a ciki, kuma yana taruwa a jikin mai ciwon ƙoda. Kilishi da tsire furotin ne, amma gishiri da dunƙulen da ke cikin yajinsu sun yi yawa.

Sai in abinci ya gaza ake zuwa ga madarar asibiti. Akwai waɗanda aka haɗa musamman don masu ciwon ƙoda, masu kalori da yawa cikin ruwa kaɗan, da ƙarancin fotasiyam da fosfet, irin su Nepro da Fresubin Renal. Shi Nepro iri biyu ne: LP mai ƙarancin furotin na wanda ba a fara wa wanki ba, HP mai yawan furotin na mai wanki. A karanta gwangwani da kyau. KDOQI ta ce a jarraba irin wannan na aƙalla wata 3 kafin a yanke hukunci. Ana sha tsakanin abinci ko da dare, ba dab da cin abinci ba, kada ya toshe cikin, kuma wanda aka ƙayyade wa ruwa ya sa shi cikin lissafi. Madarar gari ta shayi ba ta maye gurbinsa, fosfet da fotasiyam ɗinta suna da yawa.

Kada a ɗauka ƙarin furotin yana ƙara wa kowa ƙarfi. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 mai suna IHOPE, an riƙa ba masu wankin jini giram 30 na furotin a lokacin wanki har shekara guda, ba a kuma ga wani bambanci na a-zo-a-gani a ƙarfin tafiyarsu ba. Wanda ke da giɓi shi ke cin moriyar ciko.

Akwai kuma ƙwayoyin keto, waɗanda aka fi sani da Ketosteril. Su amino asid ne da aka cire wa naitirojin, jiki yana mayar da su furotin ba tare da tara yuriya da yawa ba. An yi su ne don wanda ba a fara wa wanki ba kuma aka sauke furotin ɗin abincinsa ƙasa sosai, zuwa wajen giram 0.3 zuwa 0.4 ga kilo. Binciken da aka yi a Romaniya aka buga a 2016 ya nuna wannan tsari yana jinkirta wanki, amma ga mutanen da aka tace aka ga za su iya riƙe dokar abincin. Ma'auninsa ƙwaya ɗaya ga kowane kilo 5 a rana, wato mai kilo 60 zai haɗiyi 12, a rarrabe tare da abinci. Wanda ke shan ƙwaya biyu a rana yana kuma cin namansa yadda ya saba, kuɗinsa kawai yake zubarwa. Suna ɗauke da kalsiyam, don haka ana bin su da gwaji, kuma ba tsarin da mutum zai ɗora wa kansa ba ne.

Mataki na biyar: gyara abin da gwaji ya nuna ya gaza

*Ƙarancin jini.* Ƙoda ce ke samar da sinadarin iritiropoyetin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini. In ta raunana umarnin ya ragu, kuma babu kwalbar ƙarin jinin da ke maye gurbinsa. Abin da ake fara dubawa shi ne sinadarin ƙarfe. In ya yi ƙasa, wanda ba a fara wa wanki ba ana iya fara masa da ƙwaya, a sake gwaji bayan wata 1 zuwa 3. Tana baƙanta bayan gida, tana kuma iya kawo taurinsa. A raba ta da shayi, madara da ƙwayar kalsiyam da kamar awa biyu, domin suna hana ta shiga jiki. Mai wankin jini yawanci ta jijiya ake ba shi, hanjinsa ba ya zuƙar ƙwayar sosai. Allurar iritiropoyetin ana duba fara ta ne idan himoglobin ya sauka ƙasa da 10, wato PCV ƙasa da wajen 30, kuma ba a neman a kai shi na mai lafiya: ba a so a wuce 11.5, domin wucewa na ƙara haɗarin hawan jini, daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Allurar tana son sanyin firji. Wadda ta kwana cikin zafi a kanti ko a aljihun mota ba lallai ta yi aiki ba, don haka a saya inda ake da tabbacin wuta, a ɗauko ta cikin ƙanƙara. Yawan ƙarin jini na leda kuma yana iya wahalar da samun ƙodar da za ta dace in an zo dashe.

*Yawan asid a jini.* Baykabonet ƙasa da 22 alama ce asid ya fara rinjaye, kuma asid yana narkar da tsoka da ƙashi. Maganinsa ƙwayar sodiyam baykabonet. Wani bincike a Landan da aka buga a 2009 ya nuna ta rage saurin lalacewar ƙoda ta kuma inganta cin abinci da kaurin damtse. Amma babban gwajin BiCARB na Birtaniya, wanda aka buga a 2020 a kan mutum 300 masu shekara 60 zuwa sama, bai ga ta ƙara ƙarfin jiki ba, illolin ma sun fi yawa ga waɗanda suka sha. A 2024 KDIGO ta mayar da hankali ga hana lambar sauka ƙasa da 18. Ma'ana, mai 16 yana buƙatarta, mai 21 kuma a tattauna. Kowane giram ɗaya nata yana ɗauke da kusan miligiram 275 na sodiyam, saboda haka a riƙa duba hawan jini da kumburin ƙafa. Wanda fotasiyam ɗinsa ke daidai, ƙara kayan lambu da 'ya'yan itace yana rage asid shi ma. Kada wani ya ce ai kanwa ma za ta yi. Kanwa gishirin sodiyam ce marar ma'auni, ƙarfin wannan dunƙule daban da na wancan, kuma tana zuwa da ƙasa da wasu sinadarai.

*Bitamin D da kalsiyam.* Zafin ranarmu ba ya ba da tabbacin isasshen bitamin D, musamman ga wanda ciwo ya zaunar a ɗaki ko mai zubar da furotin a fitsari. In gwaji ya nuna ƙasa da 20, ana cikewa da kolikalsiferol na yau da kullum. Wannan daban yake da kalsitirayol da alfakalsidol, waɗanda magunguna ne masu ƙarfi da ake ajiye wa wanda PTH ɗinsa ya hau sosai, kuma suna iya ɗaga kalsiyam da fosfet. Cike giɓin bitamin D yana da amfani ga ƙashi, amma wanda nasa ke daidai ƙari ba zai ba shi ƙarfin ƙafa ba. Ƙwayar kalsiyam kabonet da ake rubuta wa masu ciwon ƙoda kuwa galibi ba don ƙashi ba ce, don ta kama fosfet ɗin abinci a hanji ne. Shi ya sa ake shan ta tare da lomar farko. In an sha ta da ciki wayam, aikin da aka sa ta bai yiwu ba.

*Sauran bitamin.* Dangin bitamin B, da folik asid, da bitamin C suna bin ruwan wanki su fita, don haka mai wanki da ba ya cin abinci sosai yana amfana da ƙaramin ƙari, a sha bayan an sauka daga na'ura. Bitamin C a tsaya kusa da buƙatar yini, miligiram 75 ga mace, 90 ga namiji. Ƙwayar miligiram 1,000 mai tafasa a ruwa ta yi yawa: rararta tana komawa okzalet ta taru a ƙoda, ga sodiyam a cikinta. Bitamin A taruwa yake a jikin mai ciwon ƙoda, saboda haka man hantar kifi da bitamin mai haɗe-haɗe na kanti sai likita ya duba abin da ke ciki.

Wani ƙarin sinadari mai suna elkanitin ana ba wasu masu wanki da ke fama da murɗewar tsoka, amma hujjarsa ba ta kai a ba kowa ba. Kiriyatin na 'yan ɗaga ƙarfe yana ɗaga lambar kiriyatinin a gwaji ya rikita lissafin ƙoda, kuma ba a yi isasshen bincikensa a masu wannan ciwo ba. A bar shi.

Mataki na shida: kwashe abin da ke ɓarna

Zuba duk abin da mara lafiya ke sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da wanda maƙwabta suka kawo, a kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna. Sau da yawa abin da aka cire ya fi abin da aka ƙara amfani.

Na farkon fita su ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam, waɗanda ake cusawa cikin haɗin "maganin gajiya" a kemis. Suna rage jinin da ke isa ƙoda, suna ɗaga fotasiyam, kuma mai ciwon ƙoda da jikinsa ke ciwo shi ya fi kowa saurin faɗawa hannunsu. Farasitamol a bisa ƙa'ida ya fi aminci. Sai maganin gyambon ciki da na taurin bayan gida masu magniziyam ko alminiyam, irin farin ruwan nan da ake kira Mist Mag.

Gishirin da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini yawanci fotasiyam ne aka sa a madadin sodiyam. Ruwan toka da ake sa wa miya shi ma fotasiyam ne. Garin zogale cokali-cokali, da ruwan kwakwa, da dabino da yawa lokaci guda, duk suna iya tura lambar sama, musamman ga mai shan lisinopril, losartan ko spironolactone. Daidai ga fotasiyam a gwajin jini shi ne 3.5 zuwa 5.0, daga 5.5 a tashi tsaye, 6 kuwa maganar asibiti ce a ranar. Wannan ba ya nufin kowane mai ciwon ƙoda ya bar ganye da 'ya'yan itace. Wanda nasa ke daidai ya ci. Wanda nasa ke hawa ya rage ayaba, lemo da tumatirin gwangwani, doya da dankali kuma a fere, a yanka ƙanana, a dafa cikin ruwa mai yawa a zubar da ruwan.

Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ake cewa suna "wanke ƙoda" su ne mafi haɗari, domin ba a san abin da ke ciki ba balle adadinsa. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan ganyen rage ƙiba da ke ɗauke da tsiron Aristolochia, da yawansu suka ƙare a wanki ko dashe, wasu kuma da sankarar hanyar fitsari. Duman dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu ɗan wannan dangi ne. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya kuma ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce, in ka duba da kyau za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Gishiri gaba ɗaya kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma dunƙule yana cikin wannan lissafi. Albasa, tafarnuwa, citta da daddawar da ba a sa wa gishiri ba suna tayar da miya.

Mataki na bakwai: sa tsokar aiki

Ƙarin furotin ba motsa jiki tamkar sauke bulo ne a fili ba magini. A wani bincike na Jami'ar Tufts da ke Amurka a 2001, masu ciwon ƙoda 26 aka ɗora kan abinci mai ƙarancin furotin na mako 12. Waɗanda aka haɗa wa da atisayen ƙarfi ƙarfinsu ya ƙaru, sauran kuwa ya ragu, alhali abinci iri ɗaya suke ci.

Kujerar gwajin nan ita ce kayan aiki. Tashi da zama sau 8 zuwa 10, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake, kwana biyu ko uku a mako ba a jere ba. A ƙara da ɗaga dugadugai ana dafe da bango, da ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya don damtse. In sau 10 ya zama wasa, a ƙara zagaye ko nauyi. Tafiya kuma a fara da minti 10 bayan asuba ko bayan la'asar, a riƙa ƙarawa har a doshi minti 150 a mako da KDIGO ta ba da shawara. Mai wanki ya zaɓi ranar da ba ta wanki ba, ya kuma tambayi ma'aikatan jinya nauyin da hannun jijiyar zai iya ɗauka. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi na nufin a tsaya a sanar da likita.

Mataki na takwas: abu ɗaya a lokaci guda, sannan a sake awo

Kada a fara abubuwa huɗu rana ɗaya, in matsala ta taso ba za a san mai laifi ba. A fara ɗaya, a rubuta ranar, a sake gwajin fotasiyam da baykabonet a lokacin da likita ya sa, galibi cikin makonni kaɗan. Mai niyyar azumi ya kai maganar asibiti tun watan Sha'aban, domin lokutan shan ƙwayoyi za su canza, kuma masu mataki na 4 da na 5 suna cikin waɗanda azumi ke iya yi wa illa.

Bayan wata 3 a koma kan kujera, da layin mita 4, da tef ɗin tela. In daƙiƙa 19 ta koma 15 kuma gwajin jini bai ɓaci ba, a ci gaba. In babu abin da ya motsa, a duba ko abincin yana shiga da gaske, ko atisayen ya tsaya, sannan a ajiye duk ƙwayar da ba a ga giɓin da take cikewa ba.

Idan kuma rama ta ci gaba duk da haka, ga tashin zuciya da safe, ga ɗanɗanon ƙarfe a baki, ga ƙyamar nama, eGFR kuma yana ƙasa da 15, to dattin jini ne ya yi yawa, kuma lokacin tattauna fara wanki ya yi. Wanda ya riga ya fara amma tsada ta sa yake zuwa sau ɗaya a mako ko ƙasa da haka, ya faɗa wa jami'in abinci gaskiyar adadin. Ma'aunin giram 1.0 zuwa 1.2 an gina shi ne a kan cikakken wanki, wanda a wankin jini yawanci sau uku ne a mako, don haka mai zuwa jefi-jefi sai an sake masa lissafin furotin, fotasiyam da ruwa daidai da tazarar da ke tsakanin zamansa.